Malam Sule da Kwanon da Bai Fito Ba

Bana shekara goma sha takwas ke nan da muka kai Malam Sule makwancinsa. Ɗan kawuna ne, taubashina, kuma abokin aikina na shekaru masu yawa a wata masaƙa da ke Sharaɗa. Sunansa bai taɓa fitowa a jarida ba, bai taɓa riƙe muƙamin da ya wuce na wakilin ma'aikata ba, kuma da yana raye ya ji ina shirin rubutu a kansa, da ya ce in je in nemi aikin yi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wani abu da na gani a Ɗorayi watan jiya.

Na je gaida wani tsohon abokin aiki, sai na tarar da taro a inuwar wata makarantar firamare. Matasa ne daga gwamnati, kowa da waya a hannu, sun zo rajistar gidajen da ke cikin matsi domin a san waɗanda za a fara kai wa tallafi. Na tsaya daga baya ina jiran tambayoyin da na sani: ɗaki nawa, akwai rediyo, sau nawa ake cin abinci. Sai na ji wata matashiya daga cikinsu ta ce wa dattawan, "Baba, ku za ku fara faɗa mana. A unguwar nan, da me kuke gane gidan da ke cikin wahala?" Can gefe kuma ana yi wa mata tambaya iri ɗaya. Na san wanda ya fara koya mini wannan tambaya, na kuma san abin da ya kusa faruwa kafin in koya.

Wanda bai ga Sharaɗa a ƙarshen shekarun saba'in ba, zai yi wuya ya yarda da ni. Idan jiniya ta busa ƙarfe biyu na rana, masu aikin safe na fita, masu aikin yamma na shiga, kekuna kan cika titi har mai mota ya haƙura ya kashe inji. Haka Bompai take da sito-sitonta da ƙamshin man gyaɗa, haka Challawa da warin jima mai bin rigar mutum har gida. Ma'aikatan sun fito daga ƙauyukan Kano, daga Gumel da Haɗeja, daga ƙetaren iyaka ta wajen Damagaram da Maraɗi. Da yawansu sun kama haya a Ɗorayi da kewaye, 'yan gari ɗaya a layi ɗaya.

Ni a lokacin ina ofishin kula da ma'aikata, kuma ina ji da kaina. Na yi karatu a Omdurman, na yi kwas a wani garin masaƙu a arewacin Ingila, kamfani ya tura ni Bombay na wata shida, Faransancina kuma yana isata cin kasuwa a Yamai. Sule bai taɓa wuce Kaduna ba sai da ya je Hajji. Tun da na dawo yake kirana Ɗan Ingila, ni kuma in ce masa Baƙauye, yadda taubasai suka saba.

Sai farkon shekarun tamanin suka zo da tsuke bakin aljihu. Kayan gyaran inji suka daina shigowa, sinadarin rini ya yi wuya, ga fari a arewa. Masu kamfani suka ce dole a rufe aikin dare, wato mutane da yawa za su tafi. Ƙungiyar ma'aikata ta ja har ta gaji, daga ƙarshe aka daidaita a kan abu guda mai kyau. Ba za a ce wanda ya zo ƙarshe shi zai fara fita ba. Za a kasa mutane gwargwadon halin da gidajensu ke ciki. Mai wata madogara shi za a fara sallama. Wanda aikin ne kaɗai tsakanin gidansa da yunwa za a bar shi, a kuma buɗe wa iyalinsa asibitin kamfani.

Ni aka ba aikin tsara yadda za a kasa, na kuwa yi murna, don na ga irinsa a Ingila. Na yi rukuni huɗu: masu hali, masu rufin asiri, masu lallaɓawa, da waɗanda ke cikin matsi. Na buga fom mai shafi biyu. Kana da gona? Kana da keke? Rediyo fa? Gidan naka ne ko haya? Iyalinka mutum nawa? Sau nawa ake ɗora tukunya a rana? Kowace amsa da makinta. Akawu biyu suka yi mako uku suna kiran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya suna cikewa. Manajanmu, baƙo ne daga ƙetare, ya yaba ƙwarai, har ya ce takwarorinsa na Bompai da Challawa sun roƙi a ba su kwafi.

Ranar Alhamis na gama jerin sunayen. Litinin manaja zai sa hannu. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na kai wa Sule gida, tunda shi ne wakilin ma'aikata a kwamitin da ke kula da sallamar, kuma in faɗi gaskiya, don ya yaba mini. Ya shimfiɗa takardar a kan buzu yana bi da yatsa. Bai yi nisa ba ya tsaya.

"Ɗan Ingila, wa ya ɗora Idi na sashen rini cikin masu hali?"

"Shi ya ɗora kansa," na ce. "Gona biyu a garinsu, keke, rediyo, mata ɗaya, 'ya'ya biyu, tukunya sau uku. In akwai wanda zai koma gida ya rayu, ai shi ne."

"Tukunya sau uku! Kai da ka zaga duniya, ka taɓa ganin Bahaushen da akawu zai tsare da biro ya ce masa jiya ba a hura wuta a gidansa ba?" Ya naɗe takardar ya miƙo mini. "Kada ka ci komai da yamman nan. Motar nan taka kuma ka bar ta a gida. In sun hango ta, kaza za su yanka."

Ga matasan da suka tashi a gidajen da ake rufe ƙofa a ci abinci a ciki, bari in faɗi abin da ake kira ciyayya. Bayan sallar Magariba magidantan layi kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan babba a cikinsu. Kowane gida a fito da kwanonsa. A buɗe ɗaya a cinye tare, a jawo na gaba. Mai nama da mai miyar kuka zalla hannunsu a kwano ɗaya yake.

A bayan babur ɗinsa muka shiga Ɗorayi, da sunan dubiyar wani ma'aikaci da ya ji ciwo a ƙafa. Muka ja gaisuwar har Magariba ta riske mu, muka yi salla a masallacin layin. Idi yana sahun gaba, rigarsa ta sha guga, ya gaishe mu da fara'a har da tambayar iyali. Da aka sallame kowa ya nufi tabarma a ƙofar Baba Audu, tsohon direban kamfani. Idi ya gyara zama a masallaci ya ɗauko carbi.

Kwanuka suka fito. Sule ya wanke hannu kamar wanda aka aika wa gayyata, ya dubi hagu da dama ya ce, "Ina Idi? Ba a jiransa?"

Wani daga cikinsu, mai saurin baki, ya ce, "Ai Idi ya zama waliyyi. Tun kamawar watan jiya, daga Magariba sai Isha yake fitowa."

Aka yi 'yar dariya gajera. Baba Audu ya dubi mai maganar ya ce, "Ci tuwonka, Mamman. Lazimi ya ɗauka." Daga nan babu wanda ya sake tada zancen.

Ina ci ina kallo. Wata tsohuwa ta fito daga gidan Baba Audu da wani abu a rufe ƙarƙashin mayafi, ta bi jikin bango ta shige gidan Idi, kuma duk mutanen tabarmar suka sami abin kallo a wani wajen. A bakin zauren na ga takalma sun fi na mutum huɗu nesa ba kusa ba. Ta bayan katanga na jiyo wata mata tana lallashin yaro da Hausar ƙetaren iyaka, wata kuma tana amsa mata da Barbarci. Na zauna da masu waɗannan harsuna, kunnena bai yi mini ƙarya ba.

A hanyar komawa Sule ya tsayar da babur ya faɗa mini sauran. Gonakin nan biyu damina biyu ke nan ba su ba da ko dami ba. Wan Idi ya rasu. Mahaifiyarsu da matar mamacin da marayunta, har da iyalin wani maƙwabci da suka biyo su, duk sun sauka a ɗakunansa biyu. Rediyon ajiya ce ta wani da ya yi tafiya.

Na ce, "To me ya hana shi faɗa?"

"Iyali ka tambaye shi, iyali ya faɗa maka. Waɗannan baƙinsa ne. So kake ya tsaya gaban akawu yana ƙirga uwarsa da marayun wansa kamar awaki?"

"Gobe sai in kira shi ofis mu gyara fom ɗin."

"Ka kira shi, ya ce maka Alhamdulillahi, ka mayar da shi inda yake. Daga ranar kuma ba zai sake haɗa ido da kai ba. Maƙwabtansa sun fi wata suna ciyar da gidan nan ba su nuna masa sun gane ba, kai za ka rushe musu aiki da safiya ɗaya."

Na daɗe ina tunanin yadda aka yi na yi wannan kuskure, ni da aka haifa a cikin badalar Kano. A garin da na yi kwas a Ingila, ma'aikaci kan zayyana maka matsalarsa tun kafin ka buɗe fayil, domin a wurinsa haƙƙi yake nema. A Bombay ba sai ka tambaya ba, talaucin yana kwance a gefen titi. A Omdurman na ga mai gida ya rantse sai baƙo ya ci, alhali abin da ya ajiye masa shi ne na gidan gaba ɗaya, kuma da na yi hankali da na gane su suka fi kama da mu. A Kano yunwa takan sa wankakkiyar riga ta tsaya a sahun gaba. Na ɗauko tambayoyin mutanen da ke faɗa, na kawo wa mutanen da ke ɓoyewa. Waɗanda suka fi mutunta kansu su fom ɗina ya tura sama, kuma saman nan ita ce ƙofar fita.

Litinin na shiga wurin manaja da takardar da ba ni son ya sa wa hannu. Bai ji daɗi ba.

"Kai ka ce mini wannan tsari na ilimi ne."

"Na ilimi ne, ranka ya daɗe, amma ilimin wata ƙasa."

"Yanzu so kake in ajiye takarda in dogara da tuwo?"

Ban taɓa jin kunya a wurin aiki irin ta ranar ba. Abin da ya taimaka shi ne Sule ya riga ya aika masa cewa ba zai sa nasa hannun ba, kuma in babu hannun wakilin ma'aikata takardar ba ta da amfani. Manaja ya ba mu kwana goma.

A kwana goman nan Sule da wasu dattawa biyu da ya zaɓa suka raba layukan ma'aikata a tsakaninsu. Kullum Magariba ta same shi a wata unguwa, kamar hanya ce ta biyo da shi. Ba ya rubutu a gaban kowa, ba ya tambayar mutum ɗaya sau biyu. Da safe ya leƙo ofishina ya ce wane a sauko da shi, wane a bar shi inda yake. Ya koya mini abubuwan da babu su a littattafan da na karanta. Akwai wanda ya daina fitowa. Akwai wanda kwanonsa ke fitowa rabi. Akwai kuma wanda ya fi wuyar ganewa: kwano biyu daga gida biyu amma miya iri ɗaya, gishiri ɗaya, hannu ɗaya. Wannan yana nufin matar maƙwabci ce ta zuba a kwanon gidan, don mai gidan ya sami abin fitowa da shi.

Ba ƙasa kaɗai aka yi ta saukar da mutane ba. Akwai wanda ya yi wa akawu kukan babu har fom ya sa shi cikin masu matsi, alhali kwanonsa ba ya rabuwa da nama, yana kuma da shago a bakin kasuwa da sunan ƙaninsa. Shi aka ɗaga, shi aka sallama. Ya yi shekaru ba ya amsa gaisuwata, amma na gan shi daga baya da motar ɗaukar kaya tasa ta kansa, hankalina ya kwanta.

Ba zan ce ma'aunin Sule ya kama kowa ba. Gwauraye masu ci a wurin mai abinci ba su da tabarma, kuma na tabbata mun zalunci wasu a cikinsu ba da sani ba. Da muka kai gyararren tsarin Bompai, inda mata ke aikin naɗe alewa, sai muka tarar ma'aunin ba ya aiki, don mace ba ta zama ciyayya a ƙofar gida. Can sai da aka koma wurin masu injin niƙa, waɗanda suka san gidan da ya daina aiko da hatsi. A Challawa wani manaja ya yi mana dariya ya riƙe tsohon fom ɗina, kuma har yau ba na son tuna waɗanda ya fitar da shi.

Amma a masaƙarmu, ranar da aka liƙa sunayen waɗanda za su tafi, babu sunan Idi. Na tsaya a taga ina kallonsa yana bin takardar da ido daga sama har ƙasa, ya sake bi, sannan ya shafa fuska ya wuce sashen rini. Na koma kujerata na zauna. Da Sule bai tsayar da yatsansa a kan sunan nan ba, da ni da hannuna na kori mutumin da gida guda na baƙi ke rataye a wuyansa, ina kuma alfahari na yi adalci. Bayan 'yan makonni kwanon Idi ya dawo tabarma. Da damina ta yi kyau baƙinsa suka koma, ban da marayu biyu da ya riƙe ya sa makaranta. Ya ci gaba da aiki har ranar da injinan suka yi shiru gaba ɗaya.

Yau idan na bi ta Sharaɗa a adaidaita, wasu masaƙun sun zama sito, wasu ciyawa ta cinye harabarsu, wasu kuma sababbin hannu sun tashe su da wata sana'ar. Nakan tambayi kaina me Sule zai ce da taron da na gani a makarantar nan. Wayoyin zai yi wa dariya, ya ce an mayar da fom ɗin Ɗan Ingila cikin gilashi. Tambayar matashiyar nan za ta faranta masa rai, musamman da aka tambayi mata su ma, abin da mu sai da muka yi tuntuɓe muka gano. Amma na san zai ɓata fuska idan ya ji ana kiran sunan magidanci da ƙarfi a bainar jama'a. Zai kuma yi mamakin yadda abin ya juya. A zamaninmu mutum kan ɓoye babu don kada a sa shi ƙasa. Yanzu na ji ana cewa wasu kan kai babur gidan maƙwabci idan masu rajista za su zo. Tabarmun ma sun ragu. Duk da haka ban yanke ƙauna ba, don a taron nan na ji wani dattijo ya ce, "Akwai gidan da ba za su taɓa zuwa nan ba, ku biyo ni in nuna muku daga nesa." Matasan suka bi shi. Muddin akwai mai faɗin haka, akwai kuma mai binsa, to ba a koma inda na tsaya da fom ɗina ba.

Abu ɗaya ya rage da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Matsin bai ƙare da shekarar nan ba, ya yi ta dawowa, kuma duk dawowarsa sai an sake duba rukunan. Saboda haka Sule bai daina zagayen Magariba ba har ya bar aiki. Hannu sake yake zuwa, don in ya zo da nasa kwanon za a ce sadaka ya kawo, a tsargu. Mutane kuwa suka fassara abin yadda ido ya nuna musu. Ban san nisan da maganar ta yi ba sai ranar zaman makokinsa.

Muna zaune a ƙofar gida, tsofaffin ma'aikata sun cika tabarmi, sai ga Idi, ya yi furfura, ya zo da ɗaya daga marayun nan wanda ya zama malamin makaranta. Ya yi addu'a mai tsawo. Da aka shafa, ya girgiza kai ya ce, "Allah Ya ji ƙan Malam Sule. Mutumin kirki ne, bai taɓa cutar kowa ba. Aibinsa ɗaya, ba ya wuce kwanon mutane. Duk layin da aka buɗe tuwo, sai ka ji sallamarsa."

Wurin ya ɗauki dariya, irin wadda ake yi wa mamacin da ake ƙauna. Na buɗe baki zan yi magana, sai na rufe. Na gane cewa shekara ashirin da wani abu Sule yana yawo da sunan makwaɗaici, yana ji ana faɗa, bai gyara ko sau ɗaya ba, domin gyarawar tana nufin tona waɗanda ya je dubawa. Na yi dariyar tare da su, na ce amin.

Fom ɗina ya ɓace tare da fayilolin kamfani, ban kuma yi kewarsa ba. Sule bai bar gida na biyu ba, bai bar rubutu ba. Idi ya rasu bara, shi ya sa na iya ba da labarin yanzu, kuma ko a nan ba sunansa na gaskiya na rubuta ba. Ya riƙe aikinsa, ya riƙe baƙinsa, ya koma ga Ubangijinsa yana ganin babu wanda ya taɓa leƙa tukunyarsa. Wannan shi ne abin da taubashina ya bari. Allah Ya yalwata masa kabari, Ya rufa masa asiri ranar da babu mai rufawa sai Shi.